Daɓen da Ba a Takawa Sau Biyu

A Aveiro, a bene na uku,
inda iska ke shigowa da ɗanɗanon gishiri,
na kwana uku ina shimfiɗa daɓe,
ba siminti, ba ruwa, ba ƙura a farce.
Tara a tsaye, tara a kwance,
tamanin da ɗaya cikin allon kwamfuta.

Dokar wasan gajera ce:
kowane tayil taku ɗaya yake ɗauka.
Ka ɗaga ƙafa, ya rufta.
Sai ka taka su duka ƙofa za ta buɗe;
in ka manta ɗaya, ya zame maka tsibiri,
kana kallonsa, yana kallonka.
Shuɗi santsi gare shi, ya kwashe ka har bango.
Fari kuwa ba ruwansa,
shi ne talakan daɓe, a taka shi a wuce.

Mataki na arba'in da ɗaya ya gagari kowa.
Telmo ya gwada har gahawarsa ta huce.
Benedita ta ce, “Idalina, rage layi biyu,
mutane wasa suka zo yi, ba kaffara ba.”

Ran Lahadi babana ya hawo benen,
hawa ɗaya, hutu ɗaya.
Anselmo, shekara talatin da takwas a durƙushe
a kicin ɗin mutane, a bayin otal, a wata coci a Ílhavo,
gwiwoyinsa sun yi kanta kamar na raƙumi.
Ya sa tabarau, ya matso da hanci.
“Wa ya ja miki igiya?
Daɓen duniya bai taɓa miƙewa haka ba.”
Ya ƙwanƙwasa gilashin da bayan yatsa,
yadda yake yi in yana neman mai rami a ƙarƙashi.
Ya kasa kunne.
“Naki duk bebaye ne.”

Na nuna masa maɓallai huɗu,
da na biyar, mai mayar da taku baya.
Ya yi dariya har da tari.
“Da ina da wannan a gidan likitan nan na Ovar,
da ban biya kwali shida daga aljihuna ba.”

Sai ya fara.
Ƙofa ga ta nan, taku uku, kowa ita yake hari.
Shi ya ba ta baya.
Ya bi gindin bango, sannu, kamar mai ɗauke da ƙwai,
har lungu mafi nisa,
daga can ya riƙa dawowa layi layi,
daɓe na zubewa a bayansa,
baƙin rami na cin ɗakin,
bai ko ƙifta ba.
Na ƙarshe ya rufta daidai bakin ƙofa.

Na ce, “Baba, ta yaya?”
Ya cire tabarau yana goge shi da gefen riga.
“Mai daɓe daga ƙurya yake farawa, ya fita da baya.
Wanda ya fara daga ƙofa
a ɗakin zai kwana.”

A tsohon kicin ɗinmu, gefen murhu,
akwai tayil ɗaya da ya ɗan karkace.
Yana cikin sa shi aka kira shi asibiti, an haife ni.
Ko da ya dawo, siminti ya kama.
Mama ta yi mita shekara ashirin.
Bai cire ba.

Daren nan, bayan ya sauka,
na buɗe layi na bakwai, gida na biyu,
na karkata shi da ɗigo uku,
na ba shi murya, in an taka ya ce ƙwal,
irin ta mai rami a ƙarƙashi.

Gobe Telmo zai rubuto cewa an sami kuskure.
Zan ce masa na gani.